A Sa Ɗalibai Su Ƙera printf da Hannunsu

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta da niyyar koyon harshen C, da wuya ya yi minti goma bai ci karo da kalmar printf ba. Malami zai sa a rubuta layi ɗaya, a danna maɓalli, sai ga gaisuwa ta bayyana a allon kwamfuta, ɗalibai su yi murna. Daga wannan rana ɗalibi zai yi ta kiran printf, sau dubu bisa dubu, har ya karɓi takardar digirinsa, amma ƙalilan ne ke tsayawa su tambayi kansu abin da ke faruwa tsakanin danna maɓallin da bayyanar rubutun. An mayar da shi tamkar famfon tsakar gida: a murɗa, ruwa ya zubo, ba ruwan kowa da inda bututun ya biyo.

Ra'ayin da nake so in kare a wannan maƙala shi ne, ya kamata kowane sashen nazarin kimiyyar kwamfuta ya wajabta wa ɗalibansa su ƙera nasu printf tun daga tushe, a shekara ta farko ko ta biyu, ba tare da sun jingina da wanda ya zo tare da harshen ba. Aikin bai fi na mako uku ba, ba ya buƙatar intanet, ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Amma a cikinsa ake cin karo da matsaloli huɗu waɗanda rashin saninsu ke jawo ɓarakar tsaro da kuskuren lissafin kuɗi, kuma ɗaya daga cikinsu ta shafi rubutun Hausa kai tsaye.

Mene ne printf, kuma daga ina ya fito?

A harshen C, kamar sauran harsunan kwamfuta, akan keɓe wani yanki na umarni a raɗa masa suna, domin duk sa'ad da aka kira sunan ya gudanar da wani aiki ya dawo da rahoto. Bari mu kira irin wannan yanki ɗan aike. To, printf ɗan aike ne da ake miƙa wa abu biyu: jimlar tsari, wato rubutu mai ɗauke da gurabe, da kuma kayan da za a zuba a guraben. Kowane gurbi da alamar % yake farawa. Alal misali, idan aka rubuta

printf("An sayi buhu %d na %s\n", 12, "gero");

allo zai nuna: An sayi buhu 12 na gero. Gurbin %d na cikakkiyar lamba ne, %s na rubutu, %c na harafi ɗaya, %f kuma na lamba mai ɗigo, irin su 3.75. Ana kuma iya ƙayyade faɗi: %-10s na nufin a ware wa rubutun wuri goma a jingina shi hagu, %.2f kuwa na nufin a nuna lambobi biyu kawai bayan ɗigo.

Wannan dabara ta girmi harshen C. Tun a 1957 harshen FORTRAN, wanda John Backus da abokan aikinsa suka samar a kamfanin IBM, ya zo da umarnin FORMAT don tsara yadda lambobi za su fito a takarda. A 1967 Martin Richards ya samar da harshen BCPL, wanda ɗan aikensa mai suna writef ke amfani da alamar % wajen nuna gurabe. Daga BCPL aka sami harshen B, daga B kuma Dennis Ritchie ya ƙera C a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka a wajen 1972. Yau shekara hamsin da ɗoriya ke nan, amma har yanzu ana samun wannan tsari na alamar % a harsunan Java da Go da Python da awk. Ke nan wanda ya fahimce shi ya riƙe mabuɗin ɗakuna da yawa.

Matsala ta farko: lamba daban, rubutu daban

Ɗalibin da ya zauna zai ƙera printf yakan ga sashen %s da %c da sauƙi, domin haruffa ne kawai ake kwashewa ɗaya bayan ɗaya a tura allo. Yana isa %d sai tafiya ta tsaya. A ƙwaƙwalwar kwamfuta babu wani wuri da aka rubuta 4072 yadda muke rubuta ta. Abin da ke can shi ne 111111101000, wato jerin sifiri da ɗaya. Allo kuwa haruffa yake karɓa, kuma a tsarin ASCII harafin 0 lambarsa 48 ce, harafin 7 kuma 55. Dole ɗalibi ya nemo hanyar mayar da adadi zuwa haruffa huɗu.

Hanyar ita ce a yi ta raba lambar da goma ana ajiye saura. 4072 in an raba da goma, saura 2. 407, saura 7. 40, saura 0. 4, saura 4. Sai ga lambobin sun fito ta baya, 2 da 7 da 0 da 4, don haka sai an tara su a wani ɗan wuri sannan a karanto su daga ƙarshe. In aka musanya goma da sha shida, wannan lamba za ta fito a matsayin fe8, aikin %x ke nan. A nan ne ɗalibi ke gane da hannunsa cewa ginshiƙin goma al'ada ce ta 'yan Adam masu yatsu goma, kwamfuta ba ta san da shi ba.

Bayan haka sai tarkuna su fara bayyana. Wanda ya ce a ci gaba da rabawa muddin lamba ta fi sifiri, zai tarar cewa in aka ba shi sifirin kanta ba ya buga kome. Lambobin ƙasa da sifiri kuma, kowa zai ce a buga alamar ɗebewa sannan a juya lambar ta koma ta sama da sifiri. Haka ne, sai dai a wuri ɗaya. Cikakkiyar lamba mai bit 32 tana farawa daga -2,147,483,648 ta tsaya a 2,147,483,647. Mai karatu ya lura, ɓangaren ƙasa ya fi na sama da ɗaya. In aka juya lambar can ta ƙasa, babu wurin da za ta zauna a sama, sai shirin ya fitar da shirme. Ana iya faɗa wa ɗalibi wannan a lacca sau goma ya manta, amma ranar da nasa printf ya faɗi a kanta ba zai ƙara mantawa ba. Gani ya kori ji.

Matsala ta biyu: ɗan aiken da ba ya ƙirga kaya

Yawancin 'yan aike a harshen C sun san adadin kayan da za a ba su da kuma irinsu. printf bai sani ba. Yau a ba shi biyu, gobe a ba shi tara. Ƙa'idar harshen ta 1989 ta tanadi kayan aiki uku don wannan, va_start da va_arg da va_end, waɗanda ke ba ɗan aike damar ɗauko kaya ɗaya bayan ɗaya. Amma babu mai gaya masa cewa kayan sun ƙare, babu kuma mai gaya masa wannan lamba ce wancan rubutu ne. Jimlar tsari kaɗai yake saurara. In ta ce akwai gurabe biyar alhali kaya biyu aka miƙa, zai miƙa hannu sau biyar, ya ɗauko duk abin da ya tarar a ƙwaƙwalwar kwamfuta ya buga, ko da sirrin wani ne.

Daɗin daɗawa, akwai gurbin %n, wanda shi ba ya buga kome. Aikinsa shi ne ya rubuta adadin haruffan da aka buga zuwa yanzu a wani wuri cikin ƙwaƙwalwar. To, a ɗauka mai rubuta manhaja ya karɓi suna daga wani baƙo, sai ya yi ganganci ya rubuta printf(suna) maimakon printf("%s", suna). Ya mayar da rubutun baƙo jimlar tsari ke nan. In baƙon mugu ne, a madadin sunansa sai ya aiko da jerin %x ya leƙa ƙwaƙwalwar, ya biyo da %n ya rubuta abin da ya ga dama a cikinta. An ba ɓarawo ajiyar mabuɗi.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A tsakanin 1999 da 2000 ne masana tsaro suka farga da girman wannan haɗari, kuma a shekarar 2000 aka gano irin wannan ɓaraka a manhajar wu-ftpd, wadda ta samo asali daga Jami'ar Washington da ke St. Louis, kuma ɗimbin manyan kwamfutoci ke amfani da ita wajen musayar fayiloli a wancan zamani. Ta wannan kafa mutum na iya karɓe ragamar kwamfutar daga nesa. Kamfanin Microsoft ya toshe %n a kayan aikinsa na harshen C tun daga fitowar 2005, sai in mai rubutu ya buɗe shi da gangan. Duk da haka cutar ba ta mutu ba: a watan Yunin 2021 aka gano cewa wayar iPhone da ta haɗu da Wi-Fi mai suna %p%s%s%s%s%n takan rasa Wi-Fi ɗinta gaba ɗaya, sai da kamfanin Apple ya fitar da gyara a iOS 14.7. Shekara ashirin da ɗaya tsakanin waɗannan al'amura biyu, amma tushen ɗaya ne. Wanda ya taɓa rubuta va_arg da hannunsa, ya ga yadda ɗan aiken ke miƙa hannu ido rufe, ba sai an yi masa dogon wa'azi a kan wannan ba.

Matsala ta uku: kobo ɗaya da ya ɓace

Gurbin %f ne ya fi kowanne wuya. Kamar yadda ba a iya rubuta kashi ɗaya cikin uku ya ƙare a ginshiƙin goma, sai dai 0.3333 har illa ma sha Allahu, haka kashi ɗaya cikin goma ba ya ƙarewa a ginshiƙin biyu. A ƙarƙashin ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, wadda kusan duk kwamfutoci ke bi, abin da ake ajiyewa a madadin 0.1 ɗan kusa da ita ne kawai. In aka nemi printf ya nuna lambobi ashirin bayan ɗigo, abin da zai fito shi ne 0.10000000000000000555. Haka kuma in aka ce ya taƙaita 2.675 zuwa lambobi biyu, zai ba da 2.67, alhali a makaranta an koya mana 2.68. Ba kuskure ya yi ba; abin da ke ajiye a ciki 2.67499999 ne da 'yan kai.

Fitar da irin waɗannan lambobi daidai, kuma cikin sauri, ya cinye wa manyan masana shekaru. A 1990 Guy Steele da Jon White suka wallafa hanyarsu ta yin hakan. A 2010 Florian Loitsch ya fito da hanyar Grisu. A 2018 Ulf Adams ya fito da Ryu. Ba na cewa ɗalibin shekarar farko ya yi gogayya da su. Ya isa ya gwada hanya mai sauƙi, ya kwatanta sakamakonsa da na ainihin printf, ya ga inda suka saɓa, ya binciki dalili. Daga nan zai fahimci abin da ya sa ƙwararru ke ajiye kuɗi a matsayin cikakkiyar lamba ta kobo, sai wajen bugawa su raba da ɗari su sa ɗigo. Wanda zai rubuta manhajar biyan albashi ko ta asusun adashi bai kamata ya bar jami'a bai san wannan ba.

Matsala ta huɗu: baƙaƙe masu ƙugiya

An gina printf a zamanin da harafi ɗaya ke cin bayit ɗaya, domin ASCII alamomi 128 ne kawai, kuma babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsu. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, wanda a yau shi ne ya mamaye intanet. A wannan tsari haruffan Ingilishi na nan da bayit ɗaya ɗaya, amma ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar, kowanne bayit biyu yake ci. Alamar naira, ₦, uku take ci. Shi kuwa gurbin %s har gobe bayit yake ƙirgawa.

Mu ɗauki sunayen garuruwa biyu na Jihar Katsina, Funtuwa da Ƙanƙara. Kowanne haruffa bakwai ne. In aka jera su a jadawali da %-10s, Funtuwa za ta sami fili uku a bayanta, kamar yadda ake so. Ƙanƙara kuwa bayit tara ce a wurin printf, don haka fili ɗaya za a ba ta, sai duk abin da ke gabanta a layin ya goce hagu da wuri biyu. Mafi muni shi ne in aka ƙayyade iyakar tsawo: %.4s a kan Ƙanƙara zai tsaya a Ƙan, haruffa uku, %.5s kuwa zai yanke ƙ biyu, ya bar rabin harafi wanda allo zai nuna a matsayin wata baƙuwar alama. Irin wannan wahala na daga abin da ke sa masu rubuta manhaja su ga gara a jefar da ƙugiya a huta, sai ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki, a bar mai karatu da lalube.

Maganin matakin farko bai fi layi biyar ba. A UTF-8 duk bayit ɗin da ke cikon wani harafi da 10 yake farawa a ginshiƙin biyu. In aka tsallake waɗannan wajen ƙirga, adadin haruffa zai fito daidai. Ɗalibin da ya ƙera nasa printf zai iya ƙara masa wannan a yini guda. Zai kuma hango inda maganin ya gaza: alamomin karin sauti da masana harshe ke ɗorawa a kan wasula, da wasulan ajami, ba su cin fili a layi, ga shi kuma ajami daga dama yake tafiya zuwa hagu. Wannan matsala tamu ce. In ɗalibanmu ba su san inda take ba, ba mu da bakin zargin wani a ƙetare don bai gyara mana ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da masu suka ke cewa

Akwai masu ganin wannan ɓata lokaci ne, kuma hujjojinsu ba na yasarwa ba ne. Ta farko, sun ce printf na nan, an gwada shi shekara da shekaru, wanda ɗalibi zai ƙera ba zai kama ƙafarsa ba. Wannan gaskiya ne, kuma ina ƙarawa da cewa duk wanda ya cire na ainihi ya dasa nasa a manhajar banki ko ta asibiti ba tare da dalili ba, ya yi wauta. Amma makaniken da aka sa ya kwance inji ya mayar a lokacin koyo, ba don a sami sabuwar mota aka sa shi ba. Brian Kernighan da Dennis Ritchie da kansu, a bugu na biyu na littafinsu na harshen C wanda ya fito a 1988, ƙaramin printf suka rubuta don koyar da yadda ake karɓar kaya marasa adadi. Makarantar 42, wadda aka buɗe a Faris a 2013, ta sa ƙera printf cikin ayyukan farko da ɗalibanta ke yi. Bugu da ƙari, akwai wuraren da ba makawa sai an ƙera. Zuciyar Linux nata take da shi, printk, domin ba ta iya jingina da taskar C ta yau da kullum. Ƙaramar na'urar Arduino Uno kuwa kilobayit 32 gare ta na ajiye shiri da kilobayit 2 na aiki, kuma printf ɗin da ke zuwa da ita, in aka ba shi %f, alamar tambaya yake bugawa, saboda an cire wannan sashe don tsimin wuri. Mai haɗa na'urar auna zafi ko ta ban ruwa a kan irin wannan allo zai buƙaci wannan sani.

Hujja ta biyu ita ce sababbin harsuna sun toshe waɗannan ramuka. Harshen Rust, wanda cikakken bugunsa na farko ya fito a 2015, yana duba jimlar tsari tun kafin shiri ya fara aiki, ya ƙi ci gaba in gurabe da kaya ba su dace ba. Python ta zo da sabon salon saka kaya cikin rubutu a 2016, C++ kuma ta sami std::format a ƙa'idarta ta 2020. Madalla. Sai dai zuciyar Linux da babban tafintan Python da ɗimbin ƙananan na'urori da harshen C aka rubuta su, kuma ba gobe za a sake su ba. Sa'an nan matsalar 2.675 tana nan daram a Python da Rust, domin daga na'ura take. Wanda bai ga ramin ba ma, ba zai san darajar murfin da aka yi masa ba.

Hujja ta uku ta zamani ce: manhajojin ƙirƙirarriyar basira na iya rubuta wa ɗalibi printf cikin ƙiftawar ido, don haka aikin ya zama na kwafe. Ni a ganina wannan ƙarin dalili ne na a yi shi. In na'ura ce za ta riƙa rubutu, aikin mutum ya koma na tantancewa, kuma ba mai tantance abin da bai san cikinsa ba. Abin da ya kamata ya sauya shi ne yadda ake ba da maki.

Yadda ya kamata a tsara aikin

Shawarata ga malamai ita ce a raba aikin mataki mataki. A makon farko a hana ɗalibi kome sai hanyar tura harafi ɗaya zuwa allo, ya gina %c da %s da %d da %x da %% a kanta, ya kuma dawo da adadin abin da ya buga kamar yadda na ainihi ke yi. A mako na biyu ya ƙara faɗi da jingina hagu da cike gurbi da sifiri, ya kuma tanadi ɗan rumbun da zai tara haruffa ya tura su gaba ɗaya, ya auna da agogo ya ga bambancin sauri tsakanin wannan da turawa ɗaya ɗaya. A mako na uku ya gwada %f, ya gyara ƙirgar faɗi don baƙaƙe masu ƙugiya.

Wajen ba da maki kuwa, kada a tsaya ga cewa shiri ya yi aiki. A zaunar da ɗalibi gaban allo a jefa masa tambayoyi: sifiri, da -2,147,483,648, da jimlar da ta ƙare da % ita kaɗai, da rubutun da babu shi sam, da Ƙanƙara a cikin jadawali. In shirin ya faɗi, a ba shi minti goma ya nuna inda ya faɗi da dalili. Wanda ya kwafo zai yi zuru, wanda ya ƙera zai kai yatsa wurin. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kammalawa

Jami'a ba ta iya koya wa ɗalibi kowane harshe da kowace manhaja, domin kafin ya gama wasu sun tsufa wasu sun fito. Abin da take iyawa shi ne ta cire masa tsoron buɗe murfi. printf ya dace da wannan manufa domin ƙarami ne, kowa ya san shi, kuma ga na ainihi a gefe da za a riƙa gwada sakamako da shi. Kira nake ga shugabannin sassa da kwamitocin tsara darussa da su ware wa wannan aiki mako uku a kwas ɗin harshen C. Ɗalibin da ba a sa shi ba kuma, kada ya jira. Ya buɗe sabon fayil a wannan hutu, ya fara da %c. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar da aka damƙa masa manhajar da dukiyar mutane ko sirrinsu ke ciki, ranar tafiya ce.